Girgizar Ƙasa a Sakkwato: Ginin Ne Abin Dubawa

Duk sanda aka nuno hotunan girgizar ƙasa daga wata ƙasa, maganar da ake yi a majalisun Sakkwato ba ta wuce biyu. Wasu su ce mu dai Allah Ya raba mu da wannan, ba a yin ta a Najeriya. Wasu kuma su turo saƙon WhatsApp wai masana sun ce saura ƙiris ta auka mana. Masu magana ta farko sun fi kusa da gaskiya, amma ba su faɗe ta duka ba, kuma guntun da suka bari shi ne ya dame ni.

Ɓawon duniya ba dunƙule ɗaya ba ne. Manyan falale ne da ke tafiya a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara, kuma inda biyu suka haɗu suna gogayya nan ake samun yawancin manyan girgiza. Turkiyya da Iran da Japan da Indonesiya a irin wannan mahaɗa suke. Najeriya kuwa tana can tsakiyar falalen Afirka, nesa da baki, a kan tsohon dutse da ya daɗe da lafawa. Don haka wanda ya ce maka irin abin da ya faru a Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023, inda mutane sama da 50,000 suka rasu, yana nan tafe Sakkwato, to tsoratar da kai kawai yake yi. Har yau ba a samu masanin da zai iya faɗin rana da wurin da girgiza za ta faru ba, ko a Japan.

Sai dai ƙasar nan ta sha motsawa. A watan Yunin 1939 girgiza mai ƙarfin sama da maki 6 a ma'aunin girgizar ƙasa ta auka wa Accra, ta kashe mutane, aka ji ta har Legas. A 1984 an ji motsi a Ijebu-Ode da Ibadan. A Satumbar 2009 wata ta tashi kusa da Allada a Jamhuriyar Benin, mutanen kudu maso yammacin Najeriya suka ji ta a jikinsu. A Satumbar 2016 mutanen Kwoi a ƙaramar hukumar Jaba ta Jihar Kaduna sun fito daga gidajensu a guje, bangaye suka tsattsage. Bayan shekara biyu aka ji a Mpape cikin Abuja, aka sake ji a wurin a Satumbar 2024. Yawancin waɗanda suka tashi a cikin Najeriya ba su kai maki 5 ba, kuma a wannan ma'auni kowane maki ɗaya ninki kusan 32 ne na ƙarfi, wato tsakanin mai maki 4 da mai maki 6 akwai ninki kusan dubu. Ƙanana ne ƙwarai, amma suna nuna cewa akwai tsofaffin tsagu a dutsen da ke ƙarƙashinmu, kuma ba duka ne suka mutu murus ba. Wanda masana suka fi ambata shi ne tsagin da ya taso daga Ifewara a Jihar Osun ya miƙo har Zungeru a Jihar Neja. Akwai kuma na Anka, nan maƙwabta, wanda zinaren da ake haƙa a Zamfara yake da alaƙa da shi.

Abin da ya sa ban yarda a yi watsi da batun ba shi ne abin da ya faru a Gini. Ita ma ƙasar Afirka ta Yamma ce, ita ma ana lissafa ta cikin wuraren da ba a yin girgiza. Ranar 22 ga Disambar 1983 wata mai ƙarfin sama da maki 6 ta tashi a yankin Gaoual, ta kashe ɗaruruwan mutane, ta bar dubbai ba matsuguni. A tsakiyar falale girgiza tana iya yin shekaru ɗaruruwa ba ta waiwayo ba, alhali bayanan da aka rubuta game da ita a Najeriya ba su wuce na shekara ɗari ba. Cewa kakanninmu ba su ba mu labari ba hujja ce, amma ba ta da ƙarfin da muke ba ta.

Ita ma ƙasar Sakkwato tana da halinta. Garin ba a kan tsandaurin dutse irin na Abuja ko Gusau yake ba. Muna cikin wani babban kwari ne da ya haɗa har da Nijar da Mali, wanda yashi da laka da farar ƙasa suka cike tun zamanin da teku ya shafe yankin. Dutsen siminti na Kalambaina da ƙasusuwan halittun ruwa da aka tono a Dukamaje shaida ne. Irin wannan ƙasa, musamman ta fadama mai ruwa kusa, takan ƙara wa girgiza ƙarfi idan ta zo daga nesa. A 1985 birnin Mexico ya yi mummunar ɓarna duk da cewa girgizar ta tashi ne kusan kilomita 350 daga birnin, saboda a kan busasshen tafki aka gina shi. Wanda ke kafa bene a bakin fadamar Rima ya kamata ya san a kan me yake ɗora shi.

A nan ne maganar ta bar hannun masana ta dawo hannunmu. Je ka kowace sabuwar unguwa da ake ta gine-gine, ka tsaya wurin masu buga bulo. Buhun siminti ɗaya ake matsewa ya haifi bulon da ya kamata buhu biyu su bayar. Ka ɗauki ɗaya ka murza gefensa da yatsa, sai ka ga yashi na zuba. Idan ya suɓuce daga hannun lebura, a tsintsiya za a kwashe shi. Zane ya ce rodi mai lamba 16, a sa mai lamba 12. An zuba dakin, wato rufin kankare, yau, ba a jira ya yi ƙwari ba an cire katako don wani aikin na jira. Sannan ga gidan da aka yi wa tushe na ƙasa, bayan shekaru mai shi ya samu kuɗi. Birkila ya ce, "Alhaji, wannan tushen ba zai ɗauki bene ba." Alhaji ya ce, "Malam, kai dai ɗora, Allah zai tsare." In ya ƙi, akwai wani birkilan da ba zai ƙi ba.

Irin waɗannan gine-gine ba sa jiran ƙasa ta motsa. Bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi cikin Legas a Nuwambar 2021, mutane sama da 40 suka mutu. Ginin wata makaranta ya faɗa wa ɗalibai a Jos a Yulin 2024, aka rasa rayuka 22. Babu girgiza ko ɗaya a ciki. Ginin da ke faɗuwa don nauyin kansa, me zai yi in aka jijjiga shi na daƙiƙa goma? A 2010 girgiza mai maki 7.0 ta hallaka mutane fiye da dubu ɗari a Haiti, sannan bayan 'yan makonni mai maki 8.8 ta auka wa Chile, waɗanda suka mutu ba su kai dubu ɗaya ba. Dalilan suna da yawa, amma babba a cikinsu shi ne Chile tana da dokar gini kuma ana bin ta. Mu ma muna da kundin dokar gini na ƙasa tun 2006. A takarda yake.

Ginin ƙasa ma bai tsira ba, ko da yake ina son sa saboda sanyinsa a watan Afrilu. A girgizar Maroko ta Satumbar 2023, wadda ta ci rayuka kusan 3,000, ƙauyukan tsaunuka masu gidajen laka da dutse ne suka fi jin jiki. Soro mai nauyi a kan azara da katangar da damina ta ci gindinta haɗari ne ko ba girgiza, kuma duk shekara muna jin labarin katangar da ta faɗa wa yara cikin dare bayan ruwan sama.

Na san abin da za a ce: jihar da ke fama da 'yan bindiga a gabashinta, da ambaliya, da tsadar abinci, ina ta ga sukunin tunanin girgizar ƙasa? Gaskiya ne, kuma ba zan goyi bayan a kafa sabuwar hukuma da motoci da ofisoshi saboda wannan ba. Ambaliyar 2010 da ta cinye hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fi kusa da mu sau ɗari. Amma abin da nake nema ba sabon kashe kuɗi ba ne. Tushe mai zurfi, bulo mai siminti, rodin da aka ɗaure ya zagaye ginin a saman tagogi, gwajin ƙasa kafin a tayar da bene, su ne dai ke hana gini faɗuwa a ruwan Agusta. Haka duba lafiyar madatsun ruwan Goronyo da Bakolori a kai a kai. Dole ne a yi shi ko da ƙasa ba za ta taɓa motsi ba.

Abu ɗaya da ya keɓanta da girgiza shi ne awo. Cibiyar da ke sa ido kan motsin ƙasa tana Toro a Jihar Bauchi, tashoshinta kuma 'yan kaɗan ne idan aka dubi girman Najeriya. Lokacin da Mpape ta motsa a 2018, an yi ta jayayya ko nakiyar masu fasa dutse ce, ko rijiyoyin burtsatse, ko tsagin ƙasa, har hukumomin Abuja suka dakatar da fasa dutse a yankin. Da akwai na'urori da yawa a kusa tun da farko, da gardamar ta yi sauƙi. Na'ura mai kyau a harabar jami'ar nan, a hannun malaman da suka san aikin, tana aika bayani Toro dare da rana, ba ta kai kuɗin 'yan motocin ayarin babban jami'i ba.

Sauran aikin na hukumar tsara birane ne. Takardar izinin gini da ake karɓa a ofis ba ta ganin abin da aka binne a cikin kankare. Jami'i ya je wurin kafin a zuba tushe, ya koma kafin a zuba dakin, ya ƙirga rodin da idonsa, kuma a fara da makarantu da masallatan Juma'a da shagunan bene na kasuwa, inda mutane ke cika.