Somair: hannun jari daban, mallaka daban

A watan Yunin 2025, ranar da gwamnatin sojan Nijar ta sanar da cewa kamfanin haƙar yuraniyom na Somair ya koma hannunta ɗungurungum, majalisar mai shayin da nake zama a unguwar Yelwa nan Garwa, a arewacin Kamaru, ta kaure da murna, har wani dattijo mai sayar da kayan babur ya biya wa kowa shayi. Na sha, amma raina bai kwanta ba, domin tarihin kamfanin ya nuna cewa kason da ke rubuce a takarda shi ne ƙaramin ɓangare na mallakar mahaƙa.

An kafa Somair a 1968, shekara takwas bayan Nijar ta sami 'yanci, bisa binciken da hukumar makamashin nukiliya ta Faransa ta gudanar a yammacin duwatsun Ayar, kuma ya fara fitar da yuraniyom a 1971. Garin Arlit kansa saboda mahaƙar aka gina shi a cikin hamada. Ɓangaren Faransa da ke da hannun jari a kamfanin ya riƙa sauya riga: Cogema a 1976, Areva a 2001, Orano a 2018, amma gwamnatin Faransa ce babbar mai shi a kowane suna. Kafin ƙwacewar, Orano na da kashi 63.4 cikin ɗari, kamfanin gwamnatin Nijar Sopamin kuma na da kashi 36.6.

Wanda ya ga wannan lissafi zai ɗauka cewa fiye da sulusin abin da aka haƙo yana hannun Nijar. Tsarin kuwa a lokacin shi ne kowane mai hannun jari yana da damar sayen kasonsa na garin yuraniyom a farashin da aka yanka, sannan ya nemi kasuwa da kansa. Hukumomin Yamai sun ce tun daga 1971 Orano ya kwashe kimanin kashi 86 na duk abin da aka fitar. Orano ya amsa cewa sau da yawa Nijar ce ba ta ɗauki kasonta ba, musamman idan farashi ya faɗi, shi kuma ya saye domin kada aiki ya tsaya. Ina ganin zancen biyu na iya zama gaskiya a lokaci guda, kuma a nan matsalar take. Yuraniyom ba auduga ba ce da za a loda a mota a kai wa duk wanda ya taya. Kafin juyin mulkin 2023, ana zuba garin, mai launin rawaya, a cikin durom na ƙarfe, a bi da shi hanyar Tawa zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano a ƙasar Benin, daga nan sai masana'antar Malvesi da ke kudancin Faransa, inda ake fara sarrafa shi. Masana'antun da ke wannan aiki a duniya ba su cika yatsun hannu ba, masu saye kuma kamfanonin lantarki ne da ke ƙulla kwangilar shekaru. Wanda ya riƙe hanya da masana'anta da mai saye, shi ne ke da mahaƙar a aikace, ko nawa ne kasonsa.

Shugabannin Nijar sun daɗe da gane haka. Diori Hamani ya nemi a ƙara farashi bayan tashin kuɗin man fetur na 1973, sojoji suka kifar da shi a Afrilun 1974 ana tsakiyar tattaunawa, kuma har yau 'yan Nijar da dama na danganta abubuwan biyu. Tandja Mamadou ya sami ƙarin farashi a lokacin da kasuwa ta yi tashin gwauron zabo a 2007. Mahamadou Issoufou, wanda shi kansa tsohon ma'aikacin Somair ne, gwamnatinsa ta ƙulla yarjejeniyar 2014 da Areva bayan doguwar ja-in-ja kan haraji, a daidai lokacin da bala'in tashar nukiliya ta Fukushima a Japan na 2011 ya riga ya karya farashin. Kowannensu kan farashi da haraji ya yi faɗa, babu wanda ya samar wa ƙasar kasuwarta.

Abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya ƙara fito da wannan giɓi. Da iyakar Benin ta rufe, kaya suka taru a Arlit ba mafita, kuɗin shiga ya tsaya. A Disamban 2024 Orano ya ce ragamar kamfanin ta kuɓuce masa, ya garzaya kotun sasanta rikicin masu zuba jari da ke ƙarƙashin Bankin Duniya, wadda a Satumban 2025 ta umarci Nijar da kada ta sayar da yuraniyom ɗin da ake taƙaddama a kai. Ba na cewa Nijar ta yi kuskure da ta nemi arzikin ƙasarta. Ƙasar da yuraniyom ɗinta ya haska biranen Turai alhali ita a lokacin tana sayen yawancin lantarkinta daga Najeriya tana da hujjar fushi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai dai wanda ya karɓi mahaƙa ya karɓi albashin ma'aikata da gyaran injuna, ya kuma karɓi sharar da ke tare da ita.

Batun sharar nan shi ne masu murna ba su taɓo ba. Ƙanin Somair, wato Cominak, wanda aka kafa a 1974 da hannun jarin Faransa da Nijar da Japan da Sifaniya, ya rufe a ƙarshen Maris na 2021 bayan ma'adinin ya ƙare. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, aka kuma bar kimanin tan miliyan 20 na tarkace mai tururin nukiliya a kusa da garin Akokan, wanda dole a binne shi, a kuma yi shekaru ana sa ido kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Idan ranar rufe Somair ta zo, wannan ɗawainiya a wuyan baitulmalin Nijar za ta faɗa, sai fa idan an tilasta wa wanda ya ci ribar shekara hamsin ya biya nasa kason.

Mu a nan ba 'yan kallo ba ne. An daɗe da sanin akwai yuraniyom a Kitongo kusa da Poli, a wannan jiha tamu ta Arewa a Kamaru, kuma kamfanin Mega Uranium na Kanada ya yi bincike a wurin bayan 2007 kafin kasuwa ta faɗi. A ƙetaren iyaka ma an yi irin wannan bincike a yankin Lere na Cadi, ƙasar da ita ma a Maris na 2023 ta ƙwace kadarorin man da ExxonMobil ya sayar wa Savannah Energy, lamarin da shi ma ya kai ga shari'a a waje. Dokar ma'adinai ta Kamaru ta ba gwamnati kashi 10 kyauta a manyan mahaƙu, an kuma kafa kamfanin Sonamines a 2020 domin riƙe kason gwamnati. Kashi 10 ba zai hana mu shiga halin Nijar ba, tunda kashi 36 bai hana ta ba. Idan farashi ya sake jawo masu zuba jari zuwa Poli, ya kamata 'yan majalisarmu su nemi a karanta musu sharuɗɗan kwangilar tun kafin a sa hannu: wa ke yanka farashi, wa zai sayar da kason Kamaru kuma ga wa, nawa za a riƙa ajiyewa duk shekara a asusun rufe mahaƙa, kuma wa zai auna ruwan rijiyoyin manoma da makiyayan Faro, yankin da Poli ke ciki, kafin a kafa injin farko.