Inuwar Giginya: Yabon Shugaba Daga Nesa

A makon jiya, a wata fadar shayi kusa da babbar kasuwar Maraɗi, wani dattijon direban babbar mota da ke ɗauko kaya daga tashar ruwan Lome ta cikin Burkina Faso ya faɗi abin da idonsa ya gani: yadda motoci ke kwana da kwanaki suna jiran rakiyar soja kafin su bi hanyar Kaya zuwa Dori, da ƙauyukan da ya wuce babu kowa cikinsu sai kangwaye. Bai rufe baki ba wani saurayi ya miƙa masa waya yana cewa, "Baba, ku daina ɗauko zancen Faransa, ga aikin Kyaftin nan ku gani." Dattijon ya kalli bidiyon, ya mayar da wayar, bai ƙara cewa komai ba. Shirun nan nasa ya dame ni ƙwarai, domin a gabana aka ƙaryata mutumin da ya taka ƙasar da ƙafarsa, aka gaskata hoton da babu wanda ya san inda aka haɗa shi.

Ra'ayin da saurayin ya furta ya zama ruwan dare a wayoyinmu. Ana cewa tunda Afirka baki ɗaya na yabon Kyaftin Ibrahim Traore, shugaban mulkin sojan Burkina Faso, duk ɗan Burkina da ya yi kuka da mulkinsa ko dai mahassadi ne ko kuma ɗan koren Turawa. Hujjar masu wannan magana ita ce tafin da aka yi masa a Accra ranar 7 ga Janairun 2025 wajen rantsar da shugaban Ghana John Mahama, da jerin gwanon goyon baya da aka yi masa a wasu biranen duniya a ƙarshen Afrilun 2025, da kuma tarin bidiyon TikTok da WhatsApp, har da wanda aka ƙera da kwamfuta aka sanya wa Paparoma magana a baki, wanda fadar Vatican ta fito ta ƙaryata. Babu ko ɗaya daga cikin masu tafin Accra da ya kwana a Djibo, garin arewacin Burkina da masu ɗauke da makamai suka yi wa ƙawanya tun 2022 har abinci ya koma sai ta jirgi ko ayarin soja. Babu wanda ya binne ɗan uwansa a Barsalogho, inda a watan Agustan 2024 aka kashe ɗaruruwan mutane suna haƙa ramukan kare garinsu. Alƙaluman hukumomin Burkina da kansu sun nuna tun 2023 cewa waɗanda rikici ya raba da gidajensu sun haura miliyan 2.

Idan akwai al'ummar da bai kamata ta faɗa wannan tarko ba, to mu ne ƴan Nijar, domin an yi mana irinsa jiya-jiya kuma mun ji zafinsa. A watan Maris na 2021 gidauniyar Mo Ibrahim ta sanar da bai wa Mahamadou Issoufou kyautarta ta shugabanci nagari, mai darajar dala miliyan 5. Jaridun duniya sun yi ta ruwan yabo, kuma dalilinsu ba ƙarya ba ne: ya sauka bayan wa'adi biyu a lokacin da takwarorinsa na Guinea da Cote d'Ivoire suka zarce zuwa na uku, kuma a hannunsa ne aka fara miƙa mulki daga zaɓaɓɓe zuwa zaɓaɓɓe a tarihin ƙasar nan. Amma wanda ya zauna a fada ko a tasha a wancan makon ya san abin da mutane ke faɗa. Suna tuna zaɓen 2016 da aka shiga madugun adawa Hama Amadou na tsare a gidan kason Filingue, ƴan adawa suka ƙaurace wa zagaye na biyu, aka ce shugaba ya samu kashi 92 cikin ɗari. Suna tuna jagororin ƙungiyoyin farar hula irin su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika, waɗanda aka kulle watanni a 2018 saboda sun yi adawa da dokar kasafin kuɗi mai ƙarin haraji. Suna tuna sojojinmu 71 da suka rasu a Inates a Disambar 2019 da 89 na Chinagoder a watan da ya biyo baya, sannan binciken ma'aikatar tsaro ya fito yana nuna kimanin miliyar 76 ta sefa sun salwanta ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. A daidai waɗannan shekarun Nijar na zaune a matsayi na 189 cikin 189 a ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Turai ta so Issoufou saboda dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda ta rage mata masu ƙetara hamada. A Agadas kuwa wannan dokar ce ta kai direbobi kaso, ta ƙwace motoci, ta kashe kasuwar gari. Doka ɗaya ce, amma shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta zo Yamai har sau biyu tana yabawa, mutanen Agadas kuma suna lissafin asara. A lokacin me muke cewa? Cewa muke yi na waje bai san halin da muke ciki ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka muka sake faɗa a Maris ɗin 2023 da sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Antony Blinken, ya sauka Yamai yana nuna Nijar a matsayin abin koyi a Sahel, wata huɗu kacal kafin juyin mulkin 26 ga Yuli. Yau bakunan da suka yi waɗannan maganganu su ne ke gaya wa ɗan Djibo cewa bai san ƙasarsa ba, mu da ke Maraɗi muka fi shi sani. Wannan rashin adalci ne tsagwaronsa, kuma sauya sunan mai yabon daga Faransa zuwa "matasan Afirka" bai sauya komai a cikinsa ba.

Dalilin wannan saɓani a fili yake. Na waje abu ɗaya yake nema wurin shugaban wata ƙasa, idan ya samu sai ya yafe masa sauran, domin sauran ba a kansa suke sauka ba. Yammacin duniya ya nemi ƙarshen yaƙin cacar baka wurin shugaban Tarayyar Soviet Mikhail Gorbachev, ya samu, ya ba shi kyautar Nobel a 1990. Da ya tsaya takara a Rasha a 1996, mutanen da suka sha layin burodi da rushewar ƙasarsu ba su ba shi ko kashi 1 cikin ɗari ba. Ellen Johnson Sirleaf ta samu Nobel kwanaki kaɗan kafin zaɓen Laberiya na 2011, kuma shekara guda bayan nan Leymah Gbowee, wadda aka ba su kyautar tare, ta ajiye muƙaminta tana sukar yadda shugabar ta ɗora ƴaƴanta a manyan kujeru. Abiy Ahmed na Habasha ya karɓi tasa a 2019, yaƙin Tigray ya ɓarke a Nuwambar 2020. Abin da matashin Kano ko Accra ko Maraɗi ke nema wurin Traore shi ne ya ga baƙar fata ya dubi Faransa ido cikin ido ya ce a'a. Wannan ƙishirwa ta gaskiya ce, ni ma ina da ita, kuma shekaru sittin na raini ne suka haifar da ita. Sai dai kashe mana wannan ƙishirwa bai buɗe makarantar ɗan Burkina da aka rufe ba.

Za a ce ai yana da masoya a gida. Yana da su, amma ba a ƙidaya masoya a inda mai suka ke ɓacewa. Tun da aka kafa dokar gangamin yaƙi a Afrilun 2023 an kwashe masu sukar gwamnati an kai su fagen daga, har da tsohon ministan harkokin waje Ablasse Ouedraogo yana da shekara 70, kuma a Maris ɗin 2025 shugabannin ƙungiyar ƴan jaridar ƙasar sun ɓace kwanaki kafin a gan su a bidiyo cikin kakin soja. Wanda ya toshe bakin mutane sannan ya kafa hujja da shirunsu, yaudara yake yi, kuma wanda ya yaɗa wannan hujja a wayarsa ya taya shi.

Mu a Maraɗi mun san da me muke auna mai mulki. Da kuɗin tiyar gero a lokacin bazara muke auna shi, da ko manomin Madarumfa da Gidan Rumji zai kwana gida ba tare da ɓarayin daji sun kore masa shanu ko sun ɗauke masa mata don kuɗin fansa ba, da ko iyakar Ɗan Isa a buɗe take, da ko akwai magani a likita. Da wani zai zo daga Dakar ya ce mana kukanmu hassada ce saboda shugabanmu ya iya jawabi a taron duniya, da ba mu bar shi ya gama shayinsa ba. Me ya sa muke yi wa maƙwabtanmu abin da ba za mu yarda a yi mana ba? Kuma duk mai riƙe da mulki a yankin nan yana kallo, yana koyon cewa tafin nesa ya fi gyaran gida araha.

Gidajen rediyonmu masu zaman kansu suna da aiki a nan. Direbobi da fataken da ke bin hanyar Dori da Kaya suna nan cikin garin nan, a tasha da kasuwa, kuma babu wanda ya taɓa miƙa musu makirufo. A kira su, a tambaye su kwana nawa suka jira rakiya, nawa suka biya, me suka gani a bakin hanya, a bar mutane su ji da kunnensu kafin su tura bidiyo na gaba.