Kafin a ɗora manhaja kan saba, a fara sanin hanyar dawowa

Masu rubuta manhaja sukan kwashe watanni suna tsara aiki, a duba, a gyara, a gwada. Amma ranar da za a ɗauke shi daga kwamfutar da aka rubuta shi zuwa saba, wato kwamfutar da jama'a ke shiga, sai a bar komai a hannun mutum guda da abin da ya haddace. Ya buɗe FileZilla, manhajar tura fayiloli zuwa saba, ya jawo fayiloli daga ɓangaren kwamfutarsa a hagu ya saki a na sabar a dama, ko ya shiga sabar ta SSH, hanya mai tsaro ta sarrafa saba daga nesa, ya buga umarni ɗaya bayan ɗaya. A ganina wannan mataki na ƙarshe da ake rainawa shi ne mafi haɗari a duk aikin, kuma bai kamata a ce wata ƙungiya ta iya shi ba sai ta iya janye abin da ta ɗora cikin minti kaɗan ba tare da ruɗewa ba.

Ranar 1 ga Agustan 2012, kamfanin Knight Capital, ɗaya daga cikin manyan dillalan hannun jari a Amurka, ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45. Binciken hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ya nuna yadda abin ya faru. Kamfanin yana da saba takwas da ke tura odar saye da sayarwa. An ɗora sabon kod, wato rubutun umarnin manhaja, a kan bakwai, ta takwas kuma ma'aikacin bai kwafa mata ba, babu kuma wani na biyu da ya bi sawunsa ya duba. A cikin ta takwas ɗin akwai wani tsohon kod mai suna Power Peg da aka daina amfani da shi shekaru da yawa amma ba a goge ba, sabon kod ɗin kuma ya ari alamar da a da take kunna shi. Kasuwa na buɗewa, sai tsohon kod ya farka ya dinga zuba oda babu ƙaƙƙautawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne matakin da injiniyoyi suka ɗauka cikin firgici: sun cire sabon kod daga sabobi bakwai ɗin da ke lafiya, da nufin komawa baya, sai matsalar ta bazu zuwa dukansu. Wato hannu ne ya yi mantuwar farko, amma komawa bayan da ba a taɓa gwadawa ba ita ta ƙara wa wutar fetur. Kafin shekara ta zagayo kamfanin ya narke cikin wani.

Wani zai ce wannan na manya ne. To, a duba ƙaramin shafin intanet da ake loda wa fayiloli da hannu. A cikin mintunan da ake lodin, rabin fayilolin sababbi ne, rabi tsofaffi, kuma duk wanda ya shigo a lokacin gauraye yake samu. Idan intanet ta yanke a tsakiya, haka shafin zai zauna har sai an lura. Akwai kuma fayil ɗin saituna, wanda a kwamfutar mai rubutu yake nuni zuwa rumbun bayanan gwaji. Sau ɗaya kawai ake buƙatar a haɗa da shi cikin abin da aka jawo, shi ke nan shafin jama'a ya koma neman rumbun da babu shi a can. Mafi muni shi ne gyaran dare: matsala ta taso, wani ya shiga sabar kai tsaye ya sauya layi biyu, komai ya daidaita, ya tafi ya kwanta bai mayar da gyaran cikin Git, inda ake ajiye kod da tarihin sauye-sauyensa, ba. Mako biyu bayan haka abokin aikinsa ya loda sabon zubin manhajar ya danne gyaran, tsohuwar matsala ta dawo, kowa yana rantsuwa an riga an magance ta. Ga FTP kansa, tsarin tura fayiloli da irin su FileZilla ke amfani da shi, wanda ya samo asali tun 1971, yana aika kalmar sirri tsirara ba tare da ɓoyewa ba, alhali SSH yana nan tun 1995.

Sai kuma jumlar da kowa a wannan sana'a ya sha ji: "Ai a kwamfutata yana aiki." Mai faɗin haka galibi gaskiya yake faɗa. Kwamfutarsa ce ba irin sabar ba. Zubin harshen rubuta manhaja irin PHP ko Python da ke wurinsa daban, na can daban. Ya sa wa hoto suna Logo.png, a cikin kod ya rubuta logo.png, Windows ba ta damu da bambancin babban harafi da ƙarami ba, Linux kuwa tana ɗaukar su fayil biyu ne, sai hoton ya ɓace bayan an ɗora. Agogon kwamfutarsa na bin lokacin inda yake zaune, na sabar kuma yana kan UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, sai rahoton ƙarshen rana ya fito da kwanan wata na jiya. Docker, da ya bayyana a 2013, ya rage wannan ciwon kai sosai domin yana naɗe manhaja tare da duk abin da take buƙata a ƙunshi guda, a gwada shi a nan, a kai shi can yadda yake. Ka'idar da ke ƙarƙashinsa ta fi shi muhimmanci: abin da aka gwada, shi ɗin dai za a ɗora, ba a sake haɗa wani mai kama da shi a kan sabar ba.

Hujjar da na fi ji daga ƙananan ƙungiyoyi ita ce ba su da lokaci ko ma'aikatan kafa babban tsari. Ina ganin suna da gaskiya rabi. Mutum biyu masu kula da shafi guda ba sa buƙatar Kubernetes, tsarin tafiyar da manhajoji a kan sabobi masu yawa, kuma wanda ya ɗora musu shi ya ƙara musu kaya ne, domin shi kansa aiki ne da ke neman mai kula. Amma tsakanin jawo fayil da hannu da wannan katafaren tsari akwai fili mai faɗi. Dabarar da Capistrano, wani kayan aikin ɗora manhaja, ya yaɗa a wajen masu gina shafuka da Ruby on Rails ta isa misali. Kowane sabon zubi ana zuba shi cikin sabuwar folda mai ɗauke da kwanan wata da lokaci, ba a taɓa wadda ke aiki. Sai komai ya sauka, an duba ya tashi, sannan a juya manuni guda ɗaya daga tsohuwar folda zuwa sabuwa. Jama'a ba sa ganin gauraye. Idan abu ya lalace, a mayar da manunin inda yake a da. Jerin umarnin da bai wuce shafi ɗaya ba, tare da rsync mai kwafe fayiloli zuwa saba, zai yi wannan aikin. A ajiye shi cikin Git kusa da kod ɗin, ta yadda ranar da mai ɗorawa ya yi tafiya ko ya bar aiki, ilimin bai tafi tare da shi ba. Kalmomin sirri da mabuɗai kuma su zauna a kan sabar, kada su shiga Git ko sau ɗaya, domin abin da ya shiga tarihinsa yana nan ko an goge shi daga baya.

Sai dai ba na cikin masu cewa da zarar na'ura ta karɓi aikin an gama. Na'ura ba ta mantuwa, amma kuskuren da aka ba ta haka take yaɗa shi da irin saurin da take yaɗa gyara. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani sabuntawa mai lahani, kuma Microsoft ta ƙiyasta cewa na'urorin Windows kusan miliyan 8.5 ne suka durƙushe. Jiragen sama suka kasa tashi, ayyukan wasu asibitoci da bankuna suka tsaya cak. Babu sabar da aka manta a nan. Kowa ya samu, kuma kusan lokaci guda. An janye fayil ɗin cikin ƙasa da awa biyu, amma na'urar da ta riga ta faɗi ba ta iya tashi ta karɓi gyara, dole aka bi da yawansu ɗaya bayan ɗaya da hannu. Cikin alkawuran da kamfanin ya yi daga baya har da tura irin wannan sabuntawa mataki-mataki. Wannan darasi ya shafi mai saba uku kamar yadda ya shafi mai dubu uku: a ɗora kan guda, a zuba ido kan rajistar kurakurai na ɗan lokaci, sannan a ci gaba.

Inda maganar komawa baya ta fi wuya shi ne rumbun bayanai, kuma a nan ne nake ganin yawancin masu tinƙaho da tsarinsu suke yaudarar kansu. Kod yana komawa da juya manuni. Bayanai ba sa komawa. Idan sabon zubi ya goge wani ginshiƙi a teburin bayanai ko ya sauya masa suna, tsohon kod zai dawo ya tarar babu abin da ya sani, ya faɗi shi ma. Hanyar da ta fi aminci ita ce a raba sauyin gida biyu: yau a ƙara sabon ginshiƙi a bar tsohon, kod ya dinga rubutu a duka biyun, sai bayan kwanaki an tabbatar ba za a koma ba sannan a cire tsohon. Ya fi jan lokaci, ba shakka. Ajiyar kwafi ma ba ta zama kariya sai an taɓa gwada dawo da ita. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da ke ajiye wa masu rubuta manhaja kod ɗinsu, ya goge bayanai a kan babbar sabar rumbunsu yana zaton yana kan ta biyu, aka duba hanyoyin ajiyar kwafi da ake taƙama da su aka tarar yawancinsu ba sa aiki, aka yi asarar bayanan kusan awa shida. Kamfanin ya bayyana komai a fili bai rataya laifin a wuyan mutum ɗaya ba, kuma hakan daidai ne, domin tsarin da umarni guda na gajiyayyen ma'aikaci zai iya rusawa shi ne mai laifin.

Wannan ya kawo ni kan shugabanni. Wurare da yawa suna da dokar kada a ɗora komai ranar ƙarshe ta mako, wasu ma sau ɗaya a wata suke yarda a taɓa sabar. Na fahimci tsoron, amma dokar tana haifar da abin da ake gudu. Idan aka tara sauye-sauyen wata guda aka ɗora a dare ɗaya, abu ya lalace, cikin sauyi hamsin wanne za a tuhuma? Sauyi guda ƙarami da aka ɗora da rana, kowa yana kan kujerarsa, ana gane laifinsa nan take a janye shi. Manajan da ke son barci cikin kwanciyar hankali, maimakon ya hana ɗorawa, gara ya ware wa injiniyoyinsa kwana biyu su rubuta matakan su zama umarni guda, sannan ya sa sabon ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin gogewa ya ɗora zubi a sabar gwaji ya kuma janye shi, yana bin abin da aka rubuta kawai, babu mai raɗa masa amsa. Duk inda ya tsaya yana tambaya, an gano matakin da har yanzu yake zaune a kan mutum ɗaya, sai a rubuta shi a sake gwadawa.