Jirgi Bai Tsira Ba Sai An Kashe Injinsa

Da zarar tayoyin jirgi sun taɓa ƙasa, fasinja sai ya yi hamdala ya fara laluben jakarsa. Amma ga ƙaramin jirgi, ɗan tattakin nan tsakanin titin sauka da wurin fakin wuri ne da ake rasa rai, kuma a ganina masu kula da filayen jiragen sama ba sa ba shi kulawar da ta kamata.

A watan Yulin 2006, a bikin baje kolin jirage na Oshkosh da ke Amurka, wani tsohon jirgin yaƙi ƙirar Avenger yana tafiya a ƙasa da rana ya afka wa ƙaramin jirgi RV-6 da ke gabansa. Farfelarsa ta yanka gangar jirgin, mutum ɗaya ya rasu. Irin jirgin Avenger hancinsa a ɗage yake, matuƙi ba ya ganin abin da ke gabansa sai ya riƙa karkata dama da hagu. Da akwai ma'aikaci guda yana tafe a gefen fiffike da rediyo a hannu, da wuya abin ya faru.

Hatsarin filin Linate a birnin Milan na Italiya ya fi muni. Ranar 8 ga Oktoban 2001, cikin hazo mai kauri, ƙaramin jirgi Cessna Citation ya bi hanyar da ba ita aka ba shi ba, ya shiga titin tashi daidai lokacin da jirgin kamfanin SAS ke shirin ɗagawa. Mutum 118 suka mutu.

Za a ce laifin matuƙi ne. Gaskiya ne, ya ɓata hanya. To amma filin ba shi da na'urar rada mai nuna motsin jirage a ƙasa, alamomin hanya ba su cika ƙa'ida ba, ma'aikacin hasumiya kuwa bai gane inda jirgin yake ba. Shi ya sa a 2004 kotu ta yanke wa wasu jami'ai hukuncin ɗauri, har da shugaban filin.

Mu da muka san hazon hunturu a Kano da Zariya, inda ɗalibai ke koyon tuƙi da ƙananan jirage, bai kamata wannan ya zame mana labarin nesa ba. Fenti a kan kwalta, fitilun tsayawa masu aiki, horar da direbobin motocin mai da na kaya: duk ba su kai kuɗin gina sabon zauren manyan baƙi ba. Kafin a ware kuɗin ƙawata zaure a kasafi, a fara biyan waɗannan.