Rabin Maki, Ko Gyara Babu

A unguwarmu ta Nima a Accra, babban birnin Ghana, daga bakin kasuwa har gangaren Mamobi, in ka ce "Lauya" ni ake nufi. Ban taɓa taka kotu ba, ma'aikacin jinya ne ni. Takardu ne suka jawo mini sunan. Tsohuwa za ta cike fom ɗin fasfo, a kira Lauya. Kawu zai roƙi mai gidan haya ya ɗaga masa ƙafa, a kira Lauya. Akwai dattijon da na taɓa rubuta wa ƙorafi kan kuɗin wuta, na zuba masa kalmomin da ni kaina sai da na duba ƙamus bayan an kai takardar.

Don haka da aka ce mini in ina son aikin jinya a Ingila sai na zauna jarrabawar Turanci ta IELTS, dariya na yi. Mutanen da suka mulki ƙasar nan har 1957, suka tafi suka bar mana harshensu a aji da kotu da asibiti, su ne za su dawo su ce in biya kuɗi su ji ko na iya? Da na faɗa wa Mma yawan sidin, wato kuɗinmu na Ghana, ta yi shiru, can ta ce, "Wannan ai rago ne, har da igiyarsa."

Ƙanwata da ke karatu a jami'ar Legon ita ta zaunar da ni. Ta ce jarrabawar kashi huɗu ce: saurare, karatu, rubutu da magana, kowanne ana ba shi maki har zuwa 9, akwai kuma rabi-rabi a tsakani. Iri biyu ce, akwai ta gama-gari, akwai ta masu ilimin boko mai zurfi, kuma ta biyun ake nema a wurin masu jinya. Hukumarsu ta can tana son 7 a saurare da karatu da magana, 6.5 a rubutu. Sakamakon ma shekara biyu kawai yake amfani, kamar Turancin mutum kifi ne da zai ruɓe.

"Yaya, ka zauna ka yi gwaji da agogo a gabanka," in ji ta.

Na ce, "Ke, lokacin da nake karanta jarida ke ana goya ki."

Na dai yi shirin, amma irin nawa. Na kai tambayoyin gwaji majalisarmu ta ataya, abokai suka zama alƙalai. Nan na fara cin karo da abin da ya fi ba ni haushi a sashen karatu. Za a ba ka dogon rubutu, sannan a kawo jumla a ce ka zaɓa: gaskiya ce, ƙarya ce, ko ba a faɗa ba. To mu a zango ina muka san wani abu wai shi ba a faɗa ba? Abin da ba a faɗa ba ai shi muke cikewa da kanmu. In aka ce an ga wane ya fito daga gidan su wance da magariba, kafin isha'i mun sa ranar biki, mun yanka farashin sadaki. Rubutu ya ce wani manomi ya sayar da gonarsa ya koma birni. Tambaya ta ce manomin bashi ya ci. Majalisa gaba ɗaya ta ce gaskiya ne, wa zai sayar da gona haka kawai? Muka duba amsa: ba a faɗa ba. Wani abokina ya ce wanda ya haɗa tambayar bai san duniya ba, muka yarda da shi, muka ci gaba da shan shayi.

Daren jarrabawa ƙanwata ta bugo waya ta ce in sa fasfona a jaka tun yanzu. Na ce ina da katin ɗan ƙasa a aljihu. Ta ce da me na yi rajista? Na ce da fasfo. Ta ce to abin da ka yi rajista da shi, shi za ka nuna a ƙofa, in ba haka ba ragon ya tafi. Fasfo kuwa yana cikin adakar Mma, ƙarƙashin atamfofin da ba a ɗinka ba, Mma tana Madina wurin suna za ta kwana, makulli yana ƙulle a bakin zanenta. Ban yi barcin kirki ba. Ana idar da sallar asuba na kama trotro, motar haya, zuwa unguwar Madina, na tsaya a ƙofar gidan mutane ina sallama cikin mata, na karɓo makulli da addu'a da ƙullin naman suna, na dawo Nima, na kwashe adaka. Don in wartsake na tsaya wurin mai koko na sha kofi biyu manya da ƙosai. Ku riƙe maganar kokon nan.

A kwamfuta na zaɓi yi. Aka karɓe waya da agogo, aka ɗauki hotona, aka zaunar da ni da abin saurare a kunne. Tambaya arba'in cikin kusan minti talatin, kuma sau ɗaya tak ake sa muryar. Farko lafiya lau: wata mata tana neman ɗaki, ana tambayarta suna da lamba. Ta ce za ta zo ran Talata, na rubuta Talata da sauri ina murmushi. Sai ta ce a'a, ta tuna tana da uzuri, a mayar Alhamis. Kafin in goge Talata sun wuce tambaya biyu. Can aka sako wani Baturen Ostireliya, wanda in ya ce "yau" da Turancinsu sai ka ɗauka mutuwa yake kira. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Mai sa ido ya zo ya sunkuyo, na raɗa masa cewa a ɗan mayar da shi baya, ban ji ba. Ya dube ni irin duban da nake yi wa majinyacin da ya ce a canza masa allura da shayi, ya koma wurinsa.

Babu hutu tsakanin sassa ukun farko, kusan awa uku kana zaune. A tsakiyar karatu koko ya fara neman hakkinsa. An yarda ka fita, amma agogo ba ya jiran ka. Na daure, na harɗe ƙafa, duk jumlar da na yi shakka na danna mata ba a faɗa ba, ina ramuwar gayya.

Rubutu ne gidana, nan na gyara zama. Awa ɗaya, aiki biyu. Na farko a ba ka zane mai layuka ko ginshiƙai ka bayyana abin da ka gani cikin kalmomi 150 ko fiye, ana so ka gama a minti ashirin. Na biyu muƙala ce ta kalmomi aƙalla 250, makinta ninki biyu na na farkon. Ƙanwata ta faɗa mini duk wannan. Zanen da na samu na yawan masu hawa motar haya ne a wasu birane cikin wasu shekaru. Abin da ake so shi ne ka ce nan ya hau, nan ya sauka, nan ya fi can. Ni kuwa Lauya ne. Na ga layi ya faɗi, na ce dole akwai dalili. Na kawo tsadar mai, na kawo lalacewar hanya, na kawo halin kwandastoci da ba sa ba da canji, na ba hukumomin biranen da ban taɓa zuwa ba shawara. Da yatsa biyu nake bugawa kamar kaza tana tsattsagar dawa. Da na ɗaga kai, saura minti goma sha tara, ban taɓa muƙalar ba. Na shiga da gudu, amma duk da haka sai da na yi shimfiɗa ta layi biyar, don mutum ba ya faɗa wa magana ba sallama. Ina tsakiyar wata jumla mai daɗi, wadda na tanadi babbar kalma don ƙarshenta, allon ya rufe.

Da la'asar aka kira ni magana. Ɗaki ne ƙarami, mace ɗaya da na'urar naɗar murya, minti goma sha ɗaya zuwa sha huɗu. Ta gaishe ni, na amsa, na tambaye ta gajiya, na tambaye ta mutanen gida, ina shirin tambayar yara ta ce in nuna fasfo. Bayan 'yan tambayoyi kan aiki da unguwa, ta miƙo kati: in bayyana abincin da nake so. Minti ɗaya na shiri, minti biyu na magana. Allah ya kashe ya ba ni! Ko fensirin ban taɓa ba.

Na ce waakye. Na fara daga sunan, na ce mata kalmarmu ce ta Hausa, wake, Accra duka ta ara ta murɗe. Na bayyana yadda ake jiƙa waken, yadda ake jefa karan dafi a tukunya har shinkafar ta yi ja, yadda ake zuba shi a ganye ba a roba ba. Na zuba gari, na ɗora taliya, na sa dafaffen ƙwai da ganda. Na ɗauko cokali ke nan zan ɗebo shito, miyar barkonon nan, ta ɗaga hannu ta ce ta gode, lokaci ya yi. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce mata da Turancin Accra tsantsa, "Ina zuwa." Ta dubi ƙofa, ta dube ni, don a Turancinsu mai zuwa daga wani wuri yake tahowa, ni kuwa ga ni zaune a gabanta. Na ga gefen bakinta yana rawa, ta sunkuyar da kai kan takarda.

Bayan 'yan kwanaki sakamako ya fito. Magana 8. Saurare 7, karatu 7, wanda har yau nake zargin ramuwar gayyar nan ce ta cece ni. Rubutu 6. Lauyan Nima, mai rubuta wa unguwa wasiƙa, ya gaza da rabin maki a rubutu.

Ƙanwata ba ta ce komai ba, ta dai turo mini hoton agogo. Mma ce ta kasa gane lissafin. Ta sa na maimaita mata sau biyu, sannan ta ajiye carbi.

"Rabi? Rabi ɗaya? Kai ba ka ce su yi maka gyara ba? Ko mai gishiri in ka saya na sidi biyu tana ƙara maka."

Na ce, "Mma, ba a yi."

Ta ce in bari gobe ta dafa waakye in kai wa matar nan mai katin, da shito da yawa, tunda a wurin shito aka tsaya. Ina ƙoƙarin yi mata bayanin cewa ba ita ta duba rubutun ba, sai ga Kawu ya yi sallama da takarda a hannu, mai gida ya sake ƙara kuɗin haya. Ya ce in rubuta mai zafi, irin ta bara. Na tambaye shi kalma nawa yake so, ya ce shi dai ta cika shafi biyu.