Kada Ladan Ma'aikaci Ya Kwana a Hannunka

Jiya da la'asar sakaliya maginin da ya gyara mini katangar da ruwan sama ya rusa ya tsaya a ƙofar gida, siminti har gwiwar hannu, ya ce, "Alhaji, an gama." Na ce masa ya dawo gobe, alhali kuɗin suna cikin asusuna, ƙiwar taɓa waya ce kawai ta hana ni tura masa. Bai ce uffan ba, ya saɓa shebur ɗinsa ya tafi.

Da daddare ina duba koyarwar ɗabi'u ta malaman Yahudawa, wadda na ɗan jima ina bibiya, sai na ci karo da abin da ya hana ni barci. Attaura ta ce kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka har safiya, kuma kada rana ta faɗi ba ka biya shi ba, ko ɗan gari ne ko baƙo, domin talaka ne, ransa yana rataye a kan wannan lada. Malamansu na Talmud, wato babban littafin da ya tattara bayanin shari'arsu, ba su bar maganar a dunƙule ba. Sun ce wanda ya yi aikin yini yana da daren nan ya karɓi haƙƙinsa, wanda ya yi aikin dare yana da yinin da ya biyo baya, kuma hukuncin ya haɗa da kuɗin hayar dabba da na kayan aiki, har da mai sana'ar da ya gama tufarka ya miƙo maka. Suka yi wata tambaya da ta soke ni: me ya sa ɗan ƙwadago ya hau bishiya, ya sa ransa a haɗari, in ba don ladansa ba? Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa wanda ya rasu a Masar a 1204, ya tsara waɗannan hukunce-hukunce a babin ƙwadago na littafinsa na shari'a.

Mu da muka haddace hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, ina muka kai shi? Muna cika baki a Facebook kan gwamnatin da ta riƙe albashi, amma tela ya yi mana ɗinkin Sallah har Babbar Sallah ta zo bai ga cikon kuɗinsa ba. Yarinyar da ke wanke-wanke a gidanmu tana bin mu wata 3, kunya ta hana ta tambaya, mu kuma mun mayar da kunyarta abin fakewa. Mai gadi, mai ga-ruwa, malamin Islamiyyar yaranmu, kowa "dawo gobe".

Da sassafe na tura wa maginin kuɗinsa, na kira shi na nemi gafara. Ya ce, "Ba komai, Alhaji, ai mai shago ya ba ni garin masara bashi." Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Don Allah, 'yan'uwa, wanda ya san ana binsa ladan aiki ya ajiye wannan karatu ya je ya biya yanzu, kafin magariba.