Ɗayyib Salih ma albashi ya ci

Jiya da la'asar, a wurin mai shayin bakin kasuwar riɗi ta Gadarif, nan Sudan, saura kaɗan mu ɓata da Yayana. Ɗansa da ya gama sakandare bana aka kama da littafin rubutu cike da labarin da yake ƙagawa. Yaya ya dube ni ya ce, "Kai kake ɗaure masa gindi. Faɗa min marubuci ɗaya da alƙalami ya ciyar masa da gida." Jabana, wato gahawarmu ta Sudan, ta huce muna ja-in-ja. Da yake ba a ɗaga wa babba murya a bainar jama'a, sai na haɗiye sauran maganar. Ga ta nan.

Yaya, ka yi gaskiya, littafi ba ya ciyarwa. Amma wa ya ce da shi za a ci?

Mu fara da na gida, marubucin Sudan Ɗayyib Salih. An haife shi a 1929 a Karmakol, wani ƙauyen manoma a bakin Nilu kusa da garin Dabba. Ya yi karatu a Khartum, ya taɓa koyarwa, sannan ya tafi Landan ya kama aiki a sashen Larabci na BBC har ya riƙe ɓangaren wasan kwaikwayo. Daga nan sai ma'aikatar yaɗa labarai ta Ƙatar, sai UNESCO a Faris. Mutum ne mai jiran ƙarshen wata kamar kowane ma'aikaci. A tsakankanin wannan zirga-zirga ya rubuta Mausim al-Hijra ila al-Shamal, wato Lokacin Hijira zuwa Arewa, wanda mujallar Hiwar ta Beirut ta buga a 1966. Nawa kwafin yana nan, bango ya yage, siriri ne har yakan shige aljihun jallabiya. Wannan ɗan littafin ne aka zaɓa a Dimashƙa a 2001 a matsayin mafi muhimmancin ƙagaggen labarin Larabci na ƙarni na 20. Da ya rasu a Landan a 2009, Omdurman aka kawo shi aka binne. Littattafansa na ƙagaggun labarai duka ba su cika yatsun hannuwa biyu ba.

Can ƙasar kakanninmu, ƙasar Hausa, ma haka abin yake. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja, daga baya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ma da alli a hannu ya rubuta Shaihu Umar, siyasa ta janye shi, bai sake wani ba har aka kashe shi a Janairun 1966. Abdurrahman Munif kuwa, marubucin Larabci, digirin dakta ya yi a kan tattalin arzikin man fetur, a harkar ya yi aiki, kuma daga cikinta ya ciro littafinsa Mudun al-Milh, wato Biranen Gishiri, mai juzu'i 5. Ba don aikin ba, ina zai san yadda rijiyar mai take cinye zangon makiyaya?

Ba ma wannan ne ya hana ni barci ba. Ɗayyib Salih ya rubuta hijira zuwa arewa, duniya ta karanta. Mu fa tamu hijirar zuwa gabas? An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya jawo ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu, garin Mai Wurno ya tsaya. Bayansu ayarin alhazai bai yanke ba, a ƙafa da kan jaki, ana yada zango a tsinci auduga a gonakin Jazira na tsakiyar Sudan don a tara kuɗin jirgin ruwa. Wasu sun ga Ka'aba, wasu tafiyar ta ƙare musu a nan, suka haife mu.

Kakarmu tana 'yar shekara bakwai aka taso da ita. Takan ba mu labarin ƙanenta da aka binne a gindin wata aduwa bayan garin Jinaina na yammacin Sudan, uwarsu ta ɗaura tsumma a reshe wai za ta gane wurin in suna komawa. Ba su koma ba. Mukan saurara muna gyangyaɗi, ko mutum ɗaya cikinmu bai ɗauki biro ba, har ni mai wannan dogon surutu. Yanzu sunan yaron ma muna gardama a kai, ni na ce Habu, Yaya ya ce Sale.

Na karɓi littafin ɗan Yaya na duba. Da Larabci yake rubutawa, maganar tsofaffi kawai yake sawa da Hausa cikin haruffan Larabci, ajami ke nan bai sani ba. Akwai kwashe-kwashe da yawa, yarinta ce. Amma a shafi na 12 akwai wata tsohuwa da take ƙin cin kisra, gurasar Sudan, sai tuwon dawa, kuma na san ko wace ce.

Gobe zan raka shi wurin aikin awon riɗi da Yaya ya samo masa. Na saya masa sabon littafin rubutu mai shafi 200, yana cikin jakata, sai mun fita daga gida zan ba shi.